Ƙwallon Dabino Ya Rufe Ɗakin Rakiya

Watan nan da muke ciki Rakiya ta cika shekara takwas a maƙabartar Baƙi'a. Na so in ce mun kai ta, amma gaskiya maza ne suka kai ta. Mu mata a bayan katanga muka tsaya muna leƙe har makara ta ɓace mana cikin jama'a. Kabari a nan Madina ba a rubuta masa suna. Ko yau aka ce in shiga in nuna inda take, ba zan iya ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi mata a ɗakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi. Abin da muka yi mata bana, mu Hausawan unguwar Sih, ya fi ƙarfin in haɗiye shi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sunana Tabawa, mutuniyar Gumel. Girki ne ya kawo ni ƙasar nan. A gidan wasu Larabawa a Azizya na yi aiki shekaru masu yawa, ɗakina yana jikin kicin, fitata ɗaya ce a sati, ranar Juma'a bayan la'asar. Rakiya kuwa Bazazzagiya ce, 'yar boko ta ƙarshe, tana aiki a saidaliyyar wani asibiti, wato inda ake ba da magani. Kowa Dakta yake ce mata, ita kuma ta ce ita ba likita ba ce, mai ƙirga ƙwaya ce. Na girme ta nesa ba kusa ba. Ba abin da zai haɗa mu sai hawan jini.

Idan na je karɓar magani, sai ta ɗauki biro ta zana mini rana a kwalin da zan sha da safe, ta zana wata a na dare. Haka ake yi wa irinmu, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba. Har daɗi nake ji, ina cewa yarinyar nan ta iya zanen wata. Ran nan na miƙa mata kwalayen sai ta ajiye biron.

Ta ce, "Yaya, yau ba zan zana miki rana ba."

Na ce, "To sai in je in mutu ke nan?"

Ta ce, "Ba za ki mutu ba." Ta rubuta wani abu da manyan baƙaƙe a kwali ɗaya, ta ce wannan shi ne safe. Ta rubuta a ɗayan ta ce wannan shi ne dare. Ta sa na maimaita har mutanen da ke bayana a layi suka fara tsaki. Sannan ta ce in zo Sih ranar Juma'a.

Na ce mata, "Yarinya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni na haura hamsin."

Ta ce, "Ni ba tanƙwara ki zan yi ba. Ki dai zo ki sha shayi."

Raina a ɓace na fita, ina cewa 'yan boko ba su da kunya. Amma Juma'a na zuwa na je, don a lokacin ba ni da wani wurin zuwa in ba Harami ba. Safe da dare, su ne kalmomin da na fara karantawa a duniya. Har yau idan na gan su a rubuce sai in ji kamar na gamu da 'yan garinmu.

Inda ta kai ni ɗaki ne guda a can ƙololuwar bene, irin wanda ake gina wa a kan rufi kusa da tankin ruwa, nan suna ce masa mulhaƙ. Benen ba shi da lif. Ɗakin ba wani girma, tsohuwar na'urar sanyi tana ta gurnani kamar tsohon raƙumi, amma bango uku duk littattafai ne na Hausa. Akwai na labarai, akwai na addini, akwai na tarihi da na kiwon lafiya, akwai na ajami da tsofaffi ke so, akwai na yara masu hoton akuya da tulu. Da na yaran na fara, ina da jikoki a gida, ina bin akuya da yatsa.

Ba gwamnati ce ta yi ɗakin ba, ba kuma wani attajiri ba. Hausawan da ke haya a benayen layin nan su ne suka ɗauki nauyinsa, kuma Rakiya ce ta bi su ƙofa ƙofa har suka yarda. Kowace ƙofa, wato kowane iyali mai shuggarsa, sashensa na haya a bene, yana ba da wani abu a shekara, a biya hayar ɗakin da wuta. Kuɗin ƙofa muke ce masa, 'yan Nijar suna cewa kotiza. Littattafan kuwa a jakar mutane suka zo. Duk wanda zai tafi hutu gida sai ta tare shi ta ce, "Idan za ka dawo, rage daddawa ka sa mini littafi biyu." Mutane suna ƙunƙuni suna kawowa. Akwai littattafan da har yau warin daddawa suke yi.

Kuɗin ƙofa ba na dindindin ba ne. Duk watan Muharram, lokacin da mai bene zai sabunta haya, sai a taru a sake tambayar jama'a: a ci gaba ko a bari? Rakiya ta san mu. Ta san Bahaushe ba zai ɗaga hannu ya ce a'a a gaban wadda ke ba shi magani ba, sai dai ya ce to, ya je gida ya yi ta zaginta. Don haka ta kawo dabara. Ana ajiye kwano a rufe shi da mayafi, a gefe ga faranti na dabino, ga faranti na ƙwallonsa. Kowace ƙofa mutum ɗaya zai taso, ya ɗauki duka biyun, ya sa hannu ƙarƙashin mayafi ya saki ɗaya. Dabino, a ci gaba. Ƙwallo, a bari. Idan an gama a yaye mayafi kowa ya gani. Idan dabino ya rinjaya, a raba shi a cinye da gahawa, a watse.

Tana raye dabino ne ke rinjaye. Bayan ta rasu ma haka, sai dai duk shekara ƙwallo yana ƙaruwa, dabinon da ake rabawa yana raguwa, har ya kai sai an ɓara ɗaya gida biyu. Mijinta ya kwashe yara ya koma Zariya. Waɗanda suka fara abin tare da ita wasu sun koma gida, wasu sun bi ta. Ni kuwa Allah ya ɗaga ni. Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ya samu aiki a nan, ya kama shugga a hawa na farko a benen da ɗakin yake, ya ɗauke ni daga kicin ɗin mutane. Na zama mai ƙofa. Ni ce ma nake zuwa in saka dabinon gidanmu, don shi ba ruwansa.

Bana da aka taru, Alhaji Mudi ya tashi. Shi ne babbanmu a layin, mutumin Maraɗi, yana sayar da dabino da tasbaha can wajen Uhudu. Kada wanda ya karanta wannan ya zage shi, mutumin kirki ne, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Rakiya a kafaɗa. Ya ce jama'a, haya ta hau, kuɗin iƙama, takardar izinin zama, ya hau, yaranmu Larabci suke karatu, wanda ke son labari yana da waya a hannunsa. Ya ce Rakiya, baiwar Allah, ta yi mana hidima, ga shi ko kabarinta ba mu sani ba. Me zai hana kuɗin bana, maimakon a ba mai bene, a sayi barrada, na'urar ruwan sanyi irin wadda ake kafawa a bakin titi fi sabilillahi, a rubuta sunanta a jiki, duk wanda ya sha lada ya je mata? Ya ce babu sadakar da ta kai ruwa, balle a garin Manzo.

Wurin ya ɗauki masha Allah. Ni kuwa da ma an san bakina. Na ce Alhaji, matar nan da ruwa take so ta bari ai da rijiya ta haƙa. Na ce ku ce dai kun gaji da biya, kada ku shafa wa rowa turare. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɓata rai. Alhaji Mudi bai yi fushi ba. Ya juyo a hankali ya ce, "Hajiya, don Allah tambaya ɗaya. Yaushe rabonki da hawa sama?"

 Gwiwoyina sun daɗe da hana ni matattakala, an fi shekara biyu ban taka rufin nan ba. Ya ce, "Jikokinki fa, suna hawa?" Jikokina idan na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini. Ya dubi jama'a ya ce duk wanda shi ko matarsa ko ɗansa ya hau ɗakin nan bana ya faɗa. Ba wanda ya yi tari. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na koma na zauna.

Da aka yaye mayafi, kwanon kamar an share ƙarƙashin bishiya. Dabinon da ke ciki bai isa a ba kowa ko ɓari ba, ba a ma raba ba, wani ya tattara ya mayar faranti. Aka yi fatiha ga Rakiya, fatiha mai tsawo, har da masu hawaye. Ban taɓa ganin an kashe abin mutum ana yi masa addu'a da zuciya ɗaya haka ba.

Ba a yi sati biyu ba aka kafa barradar a bakin layi. Kyakkyawa ce, ba zan yi ƙarya ba, ƙarfenta yana ƙyalli, da kofuna biyu ɗaure da sarƙa, da sunanta da Larabci a sama. Mai bene kuwa aka gaya masa ba za a sabunta ba, ya ce a kwashe kaya kafin ƙarshen wata. Aka fara shawarar littattafan. Wani ya ce a aika gida, wani ya ce kuɗin kago ya fi kuɗin littattafan. Wani ya ce na addini a kai akwatin tsofaffin takardu na masallaci, sauran a san yadda za a yi da su. Kowa ya san ma'anar a san yadda za a yi.

Juma'ar ƙarshe kafin wa'adin, bayan la'asar, na ce ko da rarrafe sai na hau na yi sallama da ɗakin, in ɗauko littafin akuyata. Ban gaya wa kowa ba don kada a hana ni. Da zama na hau, ina jan jiki da baya kamar yaron da bai fara tafiya ba, ina hutawa a kowane hawa. Makullin ɗakin da ma ba ya hannun kowa. Tun zamanin Rakiya a jikin ƙusa yake a bayan tanki, ta ce ɗakin karatu da sai an nemi izini ba ɗakin karatu ba ne. Na lallaba bayan tanki, ƙusa ba makulli. Sai na ji gurnanin tsohuwar na'urar nan. Sai na ga takalma a bakin ƙofa.

Mata huɗu na tarar a zaune a ƙasa, abayoyinsu a rataye a ƙusa. Ɗakin a share tas, littattafai a jere, waɗanda suka yage an liƙe su da salatif. Suka zabura kamar an kama su da sata. Ɗaya, doguwa mai tsagar Gobirawa, ta riƙe hannuna ta zaunar da ni ta ba ni ruwa daga gorarta. Ta ce sunanta Zali, daga Tasawa, aikin gida take yi a Azizya. Sauran ma duk haka, aikin gida. A gaban ƙaramarsu littafin akuyata ne a buɗe, yatsarta a kan layi.

Na ce, "Wa ke koya muku?"

Zali ta ce, "Ba kowa, Inna. Wadda ta riga ta sani ita ka koya ma ta baya. Ni wata 'yar Damagaram ta koya mini, ta gama kwantiraginta ta tahi. Ita ta nuna mini ƙusar makulli."

"Ita kuma wa ya nuna mata?"

"Wata ce dai. Haka munka iske abin."

Na ce ko sun san Rakiya. Suka dubi juna. Zali ta ce, "Wace ce, Inna? Mai benen?"

Ta ce da safiyar Juma'a maza ne ke zuwa, direbobin gidaje da masu kwana a sakan, wato gidan ma'aikatan kamfani, su kuma mata da yamma. Ta ce mai gadin bene ya gaya musu za a rufe, shi ya sa yau suka zo da wuri. Sai na ji bakina ya yi tambayar da ta fi kowace wauta a rayuwata. Na ce, "Ku ba a tambaye ku ba?"

Ta yi dariya, ba dariyar raini ba, irin wadda ake yi wa tsohuwa idan ta faɗi abin yara. Ta ce, "Mu wa, Inna? Ai masu ƙofa aka tambaya."

Jama'a, na sha jin kunya a duniya. Na ji kunya ranar da uwar ɗakina ta yi mini tsawa a gaban baƙi. Na ji kunya ranar da na dangwala yatsa a takarda yarinya ƙarama tana kallona. Duk ba su kama ƙafar wannan ba. Mun zauna a hawa na farko cikin sanyi, mun tambayi junanmu wa ke hawa sama, muka ga ba kowa, muka ce ba kowa. Mutanen nan kuwa ta gaban ƙofofinmu suke wucewa duk Juma'a. Ni kaina na sha jin takunsu a matattakala, ina cewa masu shanya ne. Mai ƙofa yana da waya, yana da makarantar yara, yana da ɗan da zai karanta masa takarda. Wanda ɗakin nan ke yi wa amfani shi ne wanda ba shi da ƙofa, kuma shi ne ba shi da dabino ba shi da ƙwallo. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Kuma a duk taron nan mutum ɗaya ce ya kamata ta san haka ba sai an gaya mata ba. Lokacin da na koyi safe da dare a ɗakin nan ba ni da ƙofa. Ban taɓa ba da ko halala ba, wato kwabon ƙasar nan, ba a taɓa miƙo mini kwano ba. Da a wancan lokacin Alhaji Mudi ya yi tambayarsa, da ni ma ba kowa ce ba. Amsar tana bakina ranar taro, ni ce amsar, na zauna ina jin kunyar gwiwa.

Washegari na sa aka kai ni Uhudu wajen Alhaji Mudi. Na same shi yana auna wa baƙi dabino. Na bari suka tafi na gaya masa abin da na gani.  Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Hajiya, wa ya gaya mana?" Na ce, "Alhaji, wa muka tambaya?" A gabana ya kira mai bene a waya. Mai bene ya ce halas, magana ta ƙare, ya riga ya ba wasu ɗakin, sun biya. Kuɗin ƙofa na bana kuma yana tsaye a bakin layi yana sanyaya ruwa. Da na sani ƙeya ce.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, da Rakiya za ta leƙo ta ga Sih ta yau, me za ta ce? Na san ba za ta zagi barrada ba. Za ta tsaya ta sha, ta ce kai, ruwan nan da sanyi, Allah ya saka. Ba ta raina alheri ko da an yi shi a karkace. Ba za ta yi mamakin jikokinmu da Larabcinsu ba, tun tana raye ta ga alamar haka, takan ce yaro harshen abokan wasansa yake ɗauka. Waya ma ba za ta yi faɗa da ita ba. Abin da na san za ta yi shi ne ta ɗauki kwanon nan da mayafinsa ta ce, "Wa ya kai wannan sama?" Sai ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da take yi wa wanda ya ce ya sha magani alhali bai sha ba.

Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗa har a kanta, ita ma ta san ba na rufa wa kowa. Ita ce ta kafa dokar ƙofa. Ta ce mai ƙofa ya biya, marar ƙofa ya shiga kyauta, kuma ta yi daidai. Sai dai ta bar magana a hannun masu biya kaɗai. Tana raye ba a ga ramin ba, don ita ce bakin marasa ƙofa. Ita ke ganinsu a layin magani, ita ke cewa zo Sih ka sha shayi, ita ke tashi a taro ta ce akwai mutane a sama. Ba ta yi lissafin ranar da ba ta nan ba. Ta rasu tana da sauran ƙarfi, ciwon kwana kaɗan. Ta gina ɗaki ta zama ita ce ginshiƙinsa, mu kuma da ginshiƙi ya faɗi muka yi shekara takwas muna zaune ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Littattafan dai sun tsira daga a san yadda za a yi, alhamdu lillahi. Alhaji Mudi ya turo fankon kwalayen dabino da motarsa. Direbobin nan na safiyar Juma'a, waɗanda ban taɓa sanin da su ba, su suka sauko da su a ka. Rabi suna sitonsa a Uhudu, a tsakanin buhuna, inda ba mai karanta su. Rabi suna ɗakina, ƙarƙashin gado da bayan ƙofa da kan sif, har sallaya sai na karkata ta. Mazan ba su da wurin zuwa yanzu, don ba zan tara direbobi a ɗakin tsohuwa a gidan ɗanta ba. Wannan asara ce, kuma ba ni da maganinta. Matan kuwa na ce su zo. Surukata ta ce, "Iya, gidan fa ba namu mu kaɗai ba ne, maƙwabta za su yi magana." Na ce su yi, ai sun riga sun yi da ƙwallo. Ba ta ji daɗi ba, amma ita ce ke dafa musu shayi, Allah ya yi mata albarka.

Ɗakina ba zai maye ɗakin Rakiya ba. Ba shi da ƙusa a bayan tanki. Sai an ƙwanƙwasa, sai an yi sallama, sai an gaida masu gida, kuma wadda ta yini tana cewa na'am a gidan wasu ba ta son ta zo hutunta ta sake zama baƙuwa. Biyu daga cikin huɗun sun daina zuwa. Ni kuma shekaruna sun yi nisa, ranar da na bi Rakiya kwalayen nan za su zama kaya a hannun ɗana. Shi ya sa na gaya wa Alhaji Mudi, kuma nake faɗa a nan don wanda ya ji ya zama shaida: idan Muharram ya zagayo za a sake ajiye kwano a kan kama wani ɗakin karatun, kuma ranar Juma'a za a ajiye shi, a bakin layi, a ba duk wanda ke karatu dabinonsa da ƙwallonsa, da ƙofa ko ba ƙofa. Masu biya za su ce wanda ba ya biya ba shi da ta cewa. Su faɗa. Amma su faɗa a gaban Zali, ba a bayan mayafi ba. Alhaji ya ce in sha Allahu. Na ce wace iri, ta Larabawa ko ta gaskiya? Ya yi dariya ya ce ta gaskiya.

To me ya rage na Rakiya bayan shekara takwas? Kabari ba suna. Ɗaki ya zama na wasu, na ga har sun shanya kaya a rufin. Sunanta yana jikin barrada, masu wucewa suna sha, kaɗan ne ke ɗaga kai su karanta, kuma ina roƙon Allah ya kai mata ladan kowane kofi, don ba laifin ruwa ba ne. Waɗanda suka san sunanta su suka rufe ɗakinta. Waɗanda suka riƙe shi shekara da shekaru, suna share shi suna liƙe shi da salatif, ba su taɓa jin sunanta ba. Na auna biyun nan na rasa inda zan sa fuskata.

Juma'ar da ta wuce Zali ta zo da wata sabuwa, ba ta daɗe da sauka ba, matar ta kusa kai shekarun da nake da su lokacin da na fara. Ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shigowa ciki, ta ce ita ba karatu ya kawo ta ba, kanta ya riga ya bushe. Ta kwance bakin mayafi ta fito da kwalayen magani biyu. Ta ce an gaya mata a asibiti amma ta rikice, don Allah Inna in yi mata alama, ko rana da wata ne, yadda za ta gane.

Na karɓi kwalayen na duba. Na ɗauki biro. Hannuna har ya fara zagaya rana, don ya fi sauƙi, kuma matar ta gaji, ni ma na gaji.

Na ce, "Ƙanwata, matso nan kusa. Yau ba zan zana miki rana ba."